Ranar da Gwaggo Ta Fita da Ƙafarta

A filin kanikawan da ke bayan tsohuwar tashar mota, rumfar Baba Silo ce kaɗai ake share wa ƙasa kafin a fara aiki. Ba tsabta ce ta dame shi ba. Mai gyaran kafireto, abin da zai suɓuce daga hannunsa bai fi ƙwayar shinkafa girma ba, kuma in ya ɓata, motar wani ta kwanta ke nan. Shi ya sa yake shara, ya shimfiɗa buhu, ya ɗora farin tire a kan benci, sannan ya dubi mai mota ya ce, "To, me take yi maka?"

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin tsohuwar mota ba, kafireto wani ɗan ƙoƙon ƙarfe ne da ke zaune a kan inji, aikinsa ya gauraya fetur da iska daidai gwargwado. In fetur ya yi yawa, mota ta yi ta baƙin hayaƙi. In iska ta yi yawa, ta yi ta tari tana mutuwa. Irin wanda Baba Silo ya fi taɓawa, in aka warware shi tas, guda sittin da huɗu ne, har da ƙananan sifirin da washa. Ya san su kamar yadda ya san 'ya'yansa. Matarsa ta ce ya ma fi saninsu, don 'yan biyun da ta haifa masa sai da suka yi wayo yana kiran wannan da sunan wancan.

Silo kuwa shi ne kaɗawar da inji ke yi a hankali, mota na tsaye, ba ƙafa a kan totur. A nan ake gane gwani, kuma a nan ya samo sunan. In ya gama daidaita mota, sai ya ɗora kofin ruwa a kan murfin inji ya koma gefe. In ruwan ya motsa, bai gama ba.

Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, ya so ya gaje shi, amma shi ya fi son abin da ke ƙara. Aka kai shi wurin wani bakanike mai zafin rai. Maigidan ya lura cewa duk inda wannan sabon almajirin sana'a ya zauna ba a neman noti a rasa, sai wata rana ya miƙa masa farin tiren nan ya ce, "Kai ba na guduma ba ne. Zauna nan." Ya zauna, kuma zaman ke nan har furfura. Da sababbin motoci masu injekta suka cika gari, abokan aikinsa suka watse, wasu suka koyi sabon aiki, wasu suka koma sayar da taya. Shi bai motsa ba. An yi shekarun da wuni guda bai ga mutum biyu ba. Daga baya abin ya juyo: motocin da aka raina suka zama na marmari, masu su suka riƙa lallaɓa su kamar ƙwai, aka waiga ana neman wanda ya iya kafireto, sai aka tarar saura shi.

Gwaggo motar maigidan nasa ce. Doguwa ce, koriya, mai zagayayyun fitilu da kujerun fata, kuma tun tana hannun mai ita ake kiranta haka, saboda ba ta sauri kuma ba ta son a taɓa ta da garaje. Da maigidan ya rasu, magada suka sayar masa da ita. Ya hau ta shekaru. Ita ta kai matarsa, Uwar Biyu, asibiti ranar haihuwa, ita ta dawo da su su huɗu.

Abin da ya tsayar da Gwaggo ba lalacewa ba ce, ɗabi'ar mai ita ce. Baba Silo ba ya mayar wa mutum kafireto sai ya ji muryarsa a kan inji. Da sunansa ya yi nisa, mutane suka fara aiko da kafireto a kwali, ba tare da motar ba. To, a kan me zai gwada? Sai ya kwance na Gwaggo ya ajiye a kan kantar rumfa, da niyyar kwana biyu. Ya sa aka yanka masa farantin ƙarfe mai huda iri-iri, yadda kowane kafireto zai zauna a bakin injinta, ya rataye gorar fetur a ƙusa da ɗan tiyo. Daga nan Gwaggo ta zama motar gwaji. Kusan kullum sai ta tashi, yau da kafireton wannan, gobe da na wancan. A wannan haɗin ba a tafiya, don totur ba ya haɗuwa da ƙafa, da yatsa ake ja. Tana tashi, tana kaɗawa, ana kashe ta, tana nan inda take a bayan rumfa.

Nata kafireton kuma da ke kan kanta, sai ya fara tafiya da kaɗan-kaɗan. Farko fulot ne, wato ɗan tulun tagullar da ke iyo a kan fetur yana rufe hanya in kwano ya cika. Wani mai kai burodi ya zo da nasa a huje, ba a samu a kasuwa ba, Baba Silo ya ce, "Riƙe wannan aro, in ka samu ka dawo min da shi." Sai jet guda biyu, 'yan bututun tagulla masu huda kamar ta allura. Sai sandar totur. Sai famfon da ke watsa fetur in an taka. Sai murfin sama ɗungurum. Duk aro ne, kuma ba wanda ya ci amana, kayan ne babu su. A ƙarshe gangar jikin ma wani ya roƙa, nasa ya tsage. Cikin guda sittin da huɗu, abin da ya rage a kan kanta goma sha ɗaya ne, a cikin gwangwanin madara.

Ana nan sai masu filin suka sayar da shi. Za a gina shaguna, kowa ya kwashe nasa kafin ƙarshen wata. Matasa suka sami wuri a bayan gari. Baba Silo ya ce shi ya tsufa da nisa, zai mai da bencinsa barandar gida. Benci da tire da gwangwanaye duk za su shiga amalanke ɗaya. Saura Gwaggo.

Maƙwabcin rumfarsa, Mai Burki, sa'ansa ne, kuma sun fi shekara talatin suna tsokanar juna. Shi ya fara tayar da maganar, yana zaune a kan taya yana shan shayi.

"Silo, na yi maka magana da mai janwe. Ya ce tsofaffi biyu zai ja a kuɗin ɗaya, kai da Gwaggo."

"Ka riƙe shi, kai zai yi wa amfani. Gwaggo da ƙafarta za ta fita."

"Wace ƙafar? Yaushe rabonta da ganin titi?"

"Motar da ke tashi kullum kake tambaya? Mota numfashi ce, Sarkin Guduma. In numfashi ya daidaita, sauran duk ƙarafa ne."

"Haka kake cewa tun muna da haƙora. Kai ka iya tayarwa, ni na iya tsayarwa. A tambayi fasinja wanda suka fi so."

Aka yi dariya. Amma a gida maganar ba ta zo da dariya ba. Wuri ɗaya ne mota za ta iya tsayawa a gidan, ɗan filin da ke gefen ƙofa, inda Uwar Biyu ke shanya kuma take jera tukwanen shukarta. Ta saurare shi har ya gama, tana ninke kaya.

"Malam, ban hana ka ba," ta ce. "Na san abin da motar nan take a wurinka, ni ma ta ɗauke ni. Amma na ga yadda ake yi. A jawo mota a ce gobe za a gyara, goben ta zama shekara goma, kaji su yi ƙwai a ciki, jikoki su yanke da tsatsa. In ta zo da ƙafarta, mota ce, ni da kaina zan kwashe tukwanena in ba ta wuri. In jawo ta aka yi, kada a tsaya da ita nan, a wuce da ita wurin mai sikeli."

Mai sikeli shi ne mai sayen tsofaffin ƙarafa a kan nauyi. Baba Silo ya san abin da ake yi wa mota a can, ya sha zuwa ya tarar ana sare irin Gwaggo da gatari. Bai yi gardama ba, don ya san ba ta faɗi ƙarya ba. Ya ce, "Na ji, Uwar Biyu." A ransa kuwa lissafin mai sauƙi ne: abu ɗaya Gwaggo ta rasa, kuma abin nan shi ne sana'arsa.

Da farko ya yi tunanin karɓo aronsa. Ya san inda kowane yanki yake. Ya fara da mai burodi, ya same shi da hantsi a bayan gidan gashi yana loda kaya, motar na kaɗawa a tsaye.

"Baba, yau kai ne a wurinmu? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Wucewa nake yi."

"Wallahi tun da ka sa mata abin nan ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ita ke ciyar da mu, ita ta kai yara makaranta."

Baba Silo ya tsaya yana sauraron injin. Ya ji silon ya ɗan hau. Ya ce a buɗe murfi, ya zaro sukundireba daga aljihu, ya juya ƙusa ɗaya kwata, injin ya kwantar da murya. Ya karɓi burodi ɗaya da aka tura masa, ya yi sallama. Bai je wurin sauran ba. Ya gane cewa in ya tattaro kafireton Gwaggo, mota bakwai zai kwantar don ya tayar da ɗaya.

Babbar 'yarsa ta nemo masa wani a waya, daga wata ƙasa mai nisa, sabo fil yana ƙyalli. Ya sa tabarau, ya ce ta ƙara girman hoton. Ya ƙirga ƙusoshin murfi, huɗu ne, na Gwaggo biyar. "Kama ce kawai," ya ce. "Irin waɗannan na sha buɗe su. Waje kamar na gaske, ciki hudojin duk ba a wurinsu suke ba." Ta ce akwai wani na asali, amma sai ya yi wata biyu a hanya. Ya ce ta bar shi.

Sai ya koma inda ya saba, wurin mai sikeli. Ya wuni yana tona tsibin ƙarafa da sanda. Ya samo guda uku, babu irin nata ko ɗaya, amma ɗaya kamfaninsu guda, jet ɗinsa za su shiga. Mai sikeli, wanda ya girme wa 'ya'yan Baba Silo da kaɗan, ya ce, "Baba, ai ka makara. Irin wanda kake faɗa, mai maƙogwaro biyu, na ga ɗaya a buhun da masu zubin tukwane suka ɗauka. Su ba ruwansu da ko na mene ne, narkewa kawai suke so ya yi."

Masu zubin suna can ƙarshen layin, inda hayaƙi ke tashi. Suna fasa ƙarfe da guduma kafin su jefa a wuta. Ya tarar da buhun an zazzage, rabi ya riga ya zama ruwa. Ya durƙusa, gwiwoyinsa na ƙara, ya riƙa juya tarkacen da hannu. Can ƙasa ya gan shi. Guduma ta taɓa shi sau ɗaya, ta karya kunne guda cikin huɗun da ake ɗaure shi da su, amma maƙogwaron biyu lafiya lau.

"Wannan ba ya ma yin tukunya mai kyau," in ji mai zubin. "Nauyi gare shi, ga tauri. Ɗauki, tsoho."

Fulot ne ya fi ba shi wahala. A ƙarshe ya tuna da wani tsohon injin ban ruwa da aka yasar a bayan rumfar mai walda. Ya buɗe, ya sami fulot mai kama, ya fi na Gwaggo faɗi kaɗan, kuma a huje. Ya tsoma shi a ruwan zafi, ya ga inda kumfa ke fita, ya liƙe da dalma, ya lanƙwasa hannunsa har tsayin ya zo daidai.

Daga nan aiki ya koma kan tire. Ya jiƙa gangar a kananzir, ya wanke da buroshi, ya bi kowace huda da iska. Ba ya zura waya a jet, ya ce waya na faɗaɗa huda, kuma hudar da ta faɗaɗa ba ta komawa. Ramin sandar totur ya cinye, iska na shiga ta gefe, sai ya sa aka fere masa zoben tagulla ya dasa. Ya yanka gaskit, shimfiɗar da ke hana yoyo tsakanin ƙarafa, daga kwali mai kauri, yana bin gefen ƙarfen da ɗan ƙaramin guduma har siffar ta fito. Mai walda ya gina masa kunnen da ya karye. Gwangwanin madara ya ba da goma sha ɗayansa. Kafireto huɗu da injin ban ruwa ɗaya suka haɗu suka zama guda. Ya ƙirga a kan tire kafin ya haɗa: sittin da huɗu.

Rumfuna sun fara faɗuwa ranar da ya ɗaura shi. An kwashe kwanon rufi, filin ya yi haske kamar ba shi ba, kuma washegari ne za a rufe ƙofa. Ya cire farantin gwaji, ya zaunar da kafireton a mazauninsa na asali, ya haɗa totur da ƙafa. Mai faci ya ara masa taya huɗu masu iska. Ya wanke tanki, ya zuba fetur. Waɗanda suka rage a filin suka taru. Ya shiga, ya murɗa makulli.

Bugu ɗaya ta tashi. Ya fito, ya juya ƙusoshi biyu, ya kasa kunne, ya sake taɓa ɗaya. Aka kawo kofin ruwa aka ɗora. Ruwan ya tsaya cik.

"To, Sarkin Guduma," ya ce, "a gaida mai janwe."

Ya koma ciki, ya taka kuloci, ya tura giya. Sai wata ƙara ta tashi kamar ana niƙa tsakuwa. Ya saki, ya sake takawa har ƙasa, ya sake turawa. Ƙarar ta fi ta farko. Giya ta ƙi shiga.

Ba wanda ya yi dariya. Mai Burki ya ajiye kofinsa, ya zagayo, ya leƙa ta taga.

"Yaushe rabon da ka taka kulocin nan?"

Baba Silo ya yi lissafi. Duk shekarun nan daga waje yake tayar da ita, ya miƙa hannu ta taga ya murɗa makulli, idonsa na kan inji.

"Farantin kulocin ya manne da tsatsa," in ji Mai Burki. "Kashe ta." Ya sa kafaɗa ya tura motar, wasu biyu suka taya shi. Ko motsi ba ta yi ba. "Burkin ma ya kama. Silo, shekara nawa kana shayar da baiwar Allahn nan, ba ka taɓa tambayar ƙafafunta ba?"

Baba Silo ya zauna riƙe da sitiyari. Abin da ya fi damunsa ba idon mutane ba ne. Ya tuna sau nawa ya ce wa masu mota, "Ni nawa ya yi, sauran ka kai wa masu shi," ya juya baya. Ya ɗauka ya fi kowa sanin Gwaggo, ashe tafin hannu ɗaya ya sani a jikinta, a nan ya zauna shekara da shekaru yana gogewa. Sauran jikin yana ta mutuwa taku biyu daga bencinsa, yana jin muryarta kullum yana cewa lafiyarta ƙalau.

"A sauke giyabos," ya ce a hankali.

"A yau? Mai gyaran giyabos ya tashi tun shekaranjiya, kayansa na bayan gari. Ko yana nan, in muka buɗe muka tarar farantin ya mutu, ina za ka samo irinsa kafin gobe? Kai ka san yadda ka sha da naka."

Mai Burki bai jira amsa ba. Ya aika aka ɗauko jak da gudumarsa daga cikin kayan da ya riga ya ɗaure. Ya bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, yana dukan kwanon burki yana juya taya, har kowacce ta saki da ƙara, jan gari na zuba. Ya duba robobin, ya girgiza kai: duk sun bushe, ba za su riƙe mai ba. Burkin hannu ne kawai ya ɗan farfaɗo, shi ma rabi. Ya fito daga ƙarƙashi, rigarsa ta yi ja.

"Saurara, tsoho. Hanya ɗaya ce. A sa ta a giya ta ɗaya tana kashe, ka murɗa makulli a haka. In ta tashi, tafiya za ta yi nan take. Ba canja giya, ba tsayawa. In ka tsaya sai ka kashe ta, kuma sitatar nan ba za ta ɗauki nauyin motar sau biyu ba, na ji muryarta. Burki babu. Saboda haka ba gudu. A silo za ka kai ta gida, kamar mai tafiya a ƙasa. Injin da zai ja mota a silo bai mutu ba, ban san ko akwai shi ba."

Baba Silo ya ɗago kai. "Akwai shi."

"Na san za ka ce haka."

Da safe suka fita, bayan masu zuwa aiki sun rage. Mai faci da mai walda suka riƙe weji ɗaya-ɗaya, wato guntun katakon da ake cusa wa taya, suna tafe a gefen ƙafafun baya. Mai Burki ya ɗaura jan tsumma a sanda ya shige gaba. Baba Silo ya ɗumama injin, ya ƙara silon kaɗan, ya kashe, ya sa giya, ya yi bisimilla, ya murɗa. Gwaggo ta yi tsalle kamar an tsikare ta, ta yi tari ɗaya, ta kama. Tayoyin suka fita daga ramukan da tsofaffin suka bari, ta nufi ƙofa.

Bai taɓa sanin hanyar gidansa na da tsawo haka ba. Ƙafarsa na sama da totur, bai taɓa ba. Ya riƙa jin kowane bugu na injin ta cikin kujera. Masu babur suna zagaye su suna waige. Wata mai sayar da lemo ta tafi daidai da tagarsa har tsawon layi guda, da tire a kai, ta ce, "Baba, in sauri kake yi ka sauko mu taka." Ya ce mata ya gode.

A mararraba Mai Burki ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga jan tsummansa. Wani direban bas ya leƙo yana masifa.

"Malam, wa ya sa ka aikin nan?"

"Yi haƙuri, ɗana, babu burki."

"To ku tsayar da ita mana."

"Abin da na ce maka ke nan, babu."

Gwaggo ta ratsa ta gaban bas ɗin a natse, kamar ita ta gina titin.

Wurin da Baba Silo ke tsoro shi ne 'yar hawan da ke kafin layinsu. Silo ba zai hau da ita ba, dole a taka, kuma famfon da zai watsa fetur ɗin daga kafireton wata mota ya fito, bai taɓa gwada shi da nauyi ba. Suna isa gindin hawan injin ya fara nishi, motar na karkarwa. Ya ga masu weji sun matso ta madubi. Ya sa yatsan ƙafa ya taɓa totur kamar mai taɓa jariri. Injin ya shaƙe, ya yi shiru na ɗan lokacin da ya ishi mutum ya ga gatarin mai sikeli, sannan ya kama da wata murya mai kauri da Baba Silo ya manta Gwaggo na da ita. Ta hau. Mai Burki ya koma gefe da gudu-gudu, yana riƙe da hularsa, yana zaginsa.

Uwar Biyu na tsaye a ƙofa. Tun daga kan kwana Baba Silo ya hango filin: igiyar shanya a naɗe, tukwanen shuka a jere a jikin bango. Bai san yaushe ta kwashe su ba, da safen nan ne ko tun jiya. Ya karya sitiyari, hancin motar ya shiga, ya ja burkin hannu, ya kashe makulli. Gwaggo ta yi gaba kaɗan, ta yi baya, aka cusa mata weji.

Ya daɗe bai fito ba. Rigarsa ta jiƙe da gumi. Uwar Biyu ta zagaya motar sau ɗaya, ta shafa ƙurar da ke kan fitila da gefen mayafinta, ta tsaya a tagarsa.

"Sannu, Malam. Ta zo."

"Ta zo. Amma ba ni kaɗai na kawo ta ba."

"Na gani, ai ina da ido. Ku shigo ku sha ruwa."

Mai Burki ya riga ya zauna a kan dakali yana haki, yana fifita da jan tsumman. Baba Silo ya fito, ya tsaya a gabansa, ya rasa ta inda zai fara. A shekara talatin bai taɓa tambayarsa komai a kan aikinsa ba.

"Robobin nan na burki," ya ce, "ana samunsu?"

"Ba a samu. Sai an nema, kamar naka."

"In an samo, kai za ka sa, ko za ka nuna min?"

Mai Burki ya dube shi sama da ƙasa. "Da waɗannan yatsun naka na masu agogo? Sai dai ka riƙe min fitila." Ya karɓi kofin ruwa daga hannun Uwar Biyu, ya sha rabi. "Ka share ƙasan dai kafin in zo. Nawa ma suna faɗuwa."